Fashin Baƙi: Hasumiyar da Babu Kowa a Ciki, da Dokar Gwajin Ba Jirage Hannu Daga Nesa

Shin zai yiwu jirgi ya sauka a filin Lawanti na Gombe, alhali wanda ya ba shi izinin sauka yana zaune a wani ɗaki a Kano? Idan kuwa zai yiwu, wa ke da hurumin cewa a gwada hakan a kan jirgin da ke ɗauke da mutane, kuma wa za a tuhuma ranar da abin ya ƙi?

Tambayar ba ta tatsuniya ba ce. Majalisar dokokin Amurka ta sa wannan batu cikin dokar sufurin samanta har sau biyu, a 2018 da 2024, wasu ƙasashen Turai kuwa sun wuce gwaji tuni, sun shiga aiki gadan-gadan. Sai dai duk lokacin da labarin ya iso majalisun hira na Wunti a Bauchi ko Jekadafari a Gombe, yakan iso da wata kama daban. Wani ya ce kwamfuta ce za ta riƙa sauko da jirgi. Wani ya ce matuƙin ma cire shi za a yi, a riƙa tuƙa jirgin da rimot. Wani kuma ya ce duk dabara ce ta korar ma'aikata. Magana ta farko da ta biyu babu gaskiya a cikinsu ko kaɗan. Ta ukun ce ke da ɗan abin dubawa, kuma za mu zo kanta.

Wane ne ke ba jirgi hannu?

Jirgin da ya tashi daga Abuja zuwa Bauchi ba mutum ɗaya ke kula da shi ba. Miƙa shi ake yi daga hannu zuwa hannu. Akwai jami'in hasumiya, wanda ikonsa ya tsaya a kan titin sauka da tashi, da hanyoyin da jirgi ke bi a ƙasa, da sararin da ke kewaye da filin. Akwai mai kula da jiragen da ke gangarowa ko suke hawa. Akwai kuma mai kula da jirgi idan ya lula can sama ya kama hanya.

Wannan na ukun bai taɓa ganin jirgin da idonsa ba, kuma ba jiya aka fara hakan ba. Sararin samaniyar Najeriya cibiyoyi biyu ke riƙe da shi, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Jirgin da ke ratsa saman Alkaleri ko Dukku yana magana ne da wani jami'i a Kano ta rediyo, shi kuma yana bin sa ta allon rada da bayanan da matuƙi ke ba shi. Aikin rada na ƙasa baki ɗaya da ake kira TRACON an ƙaddamar da shi tun 2010. Ke nan kula da jirgi daga nesa tsohon abu ne a wannan sana'a, kuma duk wanda ya taɓa hawa jirgi ya riga ya ba da amanar ransa ga mutumin da ba ya hango shi.

Wanda ya rage yana aiki da ƙwayar ido shi ne jami'in hasumiya. Shi ya sa ake gina masa dogon gini, a zagaye saman da gilashi, a aje masa madubin hangen nesa a gefe. Aikinsa ya tabbatar babu komai a kan titi kafin ya ce wa matuƙi ya sauka: ba wani jirgi, ba motar ma'aikata, ba dabbar da ta ɓalle ta shinge. Wanda ke son sanin nauyin wannan kallo ya tuna tsibirin Tenerife, ranar 27 ga Maris 1977, inda manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Ranar, na hasumiya ba ya ganin jiragen, jiragen kuma ba sa ganin juna.

To wannan idon ne kaɗai sabuwar fasahar ke son ɗauke wa daga filin ta kai shi wani gari.

Abin da ake cirewa da abin da ake bari

A wurin hasumiya sai a kafa dogon ƙarfe, a jera masa kyamarori a ka suna kallon kowace kusurwa. A filin jirgin tsakiyar birnin Landan, tsayin ƙarfen mita 50 ne, kyamarorin 16. Mafi yawansu a tsaye suke cak, kowace na riƙe da yankinta, wasu kuma suna juyawa suna jawo hoto kusa, su ne suka maye gurbin madubin hangen nesa. Akan haɗa da kyamarar da ke gani ta ɗumin jiki saboda dare, da makirfo mai ɗauko ƙarar filin, don wanda ke nesa ya ji ƙugin injin yana tasowa daga ɓangaren da jirgin yake.

Duk wannan sai ya bi ta waya zuwa wani ɗaki marar taga. A ɗakin an jera manyan alluna cikin baka, hoton wannan na haɗuwa da na wancan har ya zama kamar taga guda doguwa. Jami'i na zaune a tsakiya da abin magana a kunne. Idan jirgi ya ɓullo kamar ɗigo a sararin sama, kwamfuta na iya zagaye shi da alama, ta rubuta lambarsa da tsayinsa a jikin hoton, ta kuma rubuta ƙarfin iska a gefen titi. Wannan kam gilashin taga ba ya iya yin sa. Hatta fitilar nan ta gaggawa da ake haska wa jirgi idan rediyonsa ya mutu, kore ya sauka, ja ya dakata ya ci gaba da shawagi, an ɗora irinta a kan ƙarfen, ana juya ta daga nesa.

Amma wanda ke cewa "an ba ka izinin sauka" mutum ne, mai lasisi, wanda ya yi karatun da na hasumiya ya yi. Matuƙi na cikin jirginsa, riƙe da sitiyarinsa. Sau da yawa ma ba zai ji wani bambanci a muryar da ke masa magana ba.

Inda aka riga aka yi

Suwidin ce ta fara. Hukumar sufurin ƙasar ta ba da amincewa a 2014, a watan Afrilun 2015 kuma aka fara kula da ƙaramin filin Ornskoldsvik daga garin Sundsvall, tazarar kusan kilomita 150, wato kwatankwacin Bauchi zuwa Gombe. Jamus ta bi sahu a Disambar 2018, ana kula da filin Saarbrucken daga Leipzig, sama da kilomita 400. A 2019 Suwidin ta buɗe sabon fili a yankin duwatsunta wanda ba a gina masa hasumiya ba sam. Norwe ta kafa cibiya guda a garin Bodo don tattara ƙananan filaye 15. Filin tsakiyar Landan ya koma wannan tsari a 2021, jami'ansa suna Swanwick, kilomita 115 daga wurin.

In ka cire Landan da Saarbrucken, duk labarinsu ɗaya ne: fili ne mai nisa, jiragensa ƙalilan, amma rufe shi zai yanke mutane daga sauran ƙasa. Wannan siffa ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Me ya sa sai da doka?

Sufurin sama ba sana'ar da ake cewa bari mu gwada mu gani ba ce. Tun yarjejeniyar Shikago ta 1944, ƙasashe suka amince su bi ƙa'idoji iri ɗaya ƙarƙashin hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Kanada. Ƙa'idar da aka gada ta ce jami'in hasumiya ya kasance yana kallon filin da idonsa a kowane lokaci. Sai a 2018 aka gyara littafin aikin, aka yarda cewa kallon zai iya kasancewa ta na'urar ɗauko hoto, da sharaɗin hukumar da abin ya shafa a ƙasar ta amince da na'urar. Wato ICAO ta buɗe ƙofa ne kawai, ta bar wa kowace ƙasa ta tsara yadda za ta shiga.

A nan ne doka ke shigowa, kuma aikinta ya fi yadda ake zato. Ita za ta faɗi irin filayen da za a yi gwajin a cikinsu. Ita za ta faɗi wanda zai auna na'urar da ma'aunin da zai yi amfani da shi, domin "hoton ya fito sosai" ba ma'auni ba ne. Dole a rubuta daga nisa nawa za a iya hango ƙaramin jirgi, da yadda za a gane hoto ya daskare. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ba masana tsoro. Allon da ya mutu ya yi baƙi kowa zai gane. Allon da ya tsaya yana nuna titi fes, alhali mota ta riga ta hau titin, shi ne mai kisa.

Sai batun jinkiri. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san takaicin jin ihun maƙwabta sun ce an ci, alhali a allonsa ɗan wasan bai buga ba tukuna. A ƙwallo takaici ne kawai. Jirgin da ke gangarowa da gudun kilomita 250 a awa yana cin kusan mita 70 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa ƙa'idojin Turai suka tsaya a kan cewa tsakanin abin da kyamara ta gani da abin da ya bayyana a allo kada ya wuce daƙiƙa 1.

Sannan ga alhaki. Idan aka samu haɗari a lokacin gwaji, laifin jami'i ne, ko kamfanin da ya ƙera na'urar, ko kamfanin da wayarsa ta yanke, ko hukumar da ta sa hannu? Kamfanonin inshora ba sa karɓar amsar "sai mun duba". Ga kuma kuɗi: ba a taɓa asusun gwamnati don sayen na'urar da doka ba ta san da ita ba.

Amurka: doka ta fito, aiki ya cije

A nan ne ya kamata mu ɗan zauna, domin darasin da ke ciki ya fi na Turai amfani gare mu.

Amurka na da filayen jirgi kusan 5,000 da jama'a ke amfani da su, amma masu hasumiya sun ɗan haura 500 ne kawai. A sauran, matuƙa ne ke sanar da juna ta rediyo, wannan ya ce ga ni zan sauka, wancan ya ce na ji, zan jira. Ƙananan garuruwa sun daɗe suna neman hasumiya, kuɗin ginin da na ma'aikata na hana su. Da labarin Suwidin ya iso, sai 'yan majalisar da ke wakiltar irin waɗannan garuruwa suka ga mafita.

Tsarinsu shi ne, bayan 'yan shekaru majalisa kan sabunta dokar da ke ba hukumar jiragen samansu, FAA, kuɗi da iko. A irin wannan sabuntawa ta 2018, wadda Donald Trump ya sa wa hannu a watan Oktoba, aka saka sashe na 161, wanda ya umarci hukumar ta kafa shirin gwajin hasumiyar nesa domin karkara da ƙananan garuruwa. Filaye biyu ne suka yi suna a gwajin. Akwai Leesburg a jihar Birjiniya, inda kamfanin Saab na Suwidin ya kafa na'urarsa tun 2015, akwai kuma wani fili a arewacin jihar Kolorado da ya yi aiki da kamfanin Searidge na Kanada.

Na Leesburg ya yi shekaru yana ba jirage hannu. Amma takardar amincewa ta dindindin ba ta fito ba. Ana cikin tafiya hukumar ta sake fasalin sharuɗɗan da take so a cika, kamfanin ya duba lissafinsa ya janye, a watan Yunin 2023 aka kashe na'urar, filin ya koma amfani da hasumiyar tafi-da-gidanka. Na Kolorado ma kamfanin ya janye a shekarar. Shekara biyar da kafa doka, babu tsari ko ɗaya da ya samu cikakkiyar amincewa, alhali kamfanin Saab ɗin nan shi ne na'urarsa ke aiki a Suwidin da Landan.

Da majalisa ta dawo sabunta dokar a 2024, wadda Joe Biden ya sa wa hannu ranar 16 ga Mayu, sai ta ƙara matsa wa hukumar lamba ta fito da tsararren shiri da matakan da na'ura za ta bi har ta samu amincewa. Gwajin kuma ya karkata zuwa cibiyar binciken hukumar da ke Atlantic City.

Ana iya karanta wannan labari ta fuska biyu. Masu kare hukumar na cewa ƙananan filayen Amurka cike suke da ƙananan jirage da 'yan koyon tuƙi, ba kamar filin Suwidin mai jirage ƙalilan a yini ba, don haka tsantseni ya zama dole. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma ni abin da na gani a ciki shi ne an fara gwaji kafin a rubuta abin da zai sa a ce gwajin ya ci. Dokar ta ce a gwada, ba ta ɗaure kowa da ma'auni ko wa'adi ba. Mu da muka saba ganin an yanke zare, an yi jawabi, bayan shekara biyu ciyawa ta rufe wurin, bai kamata wannan ya wuce mu ba.

Masu so da masu ɗari-ɗari

Hujjar masu so ta lissafi ce. Fili mai jirgi biyu ko uku a yini dole a aje masa jami'ai cikakku, suna zaune suna jira. Idan aka tara su a cibiya guda, jami'i zai iya riƙe wannan fili da safe, ya koma wancan da rana. Wanda ya yi rashin lafiya akwai mai maye gurbinsa a kujerar gefe. Ƙwarewa ma ta fi zama a hannun wanda ke ganin jirage da yawa. Ƙungiyar jami'an ba jirage hannu ta Najeriya ta sha kokawa kan ƙarancin ma'aikata, kuma horar da mutum ɗaya a kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, har ya samu lasisi da izinin zama shi kaɗai a kujera, abu ne na shekaru.

Masu ɗari-ɗari ba fasahar suke ƙi ba galibi. Inda suka ja daga shi ne a ce mutum ɗaya ya riƙe filaye biyu ko uku a lokaci guda, alluna sun rabu, wannan Bauchi wancan Gombe. Ƙungiyar jami'an ta duniya, IFATCA, ta nuna adawa da haka. Kuma ga inda gizo ke saƙar: babban ragin kuɗin da ake kwaɗaitar da gwamnatoci da shi yana cikin wannan haɗin ne. Saboda haka mai cewa dabarar rage ma'aikata ce bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A Najeriya dai, inda jami'an ba su isa ba tun farko, abin da ya fi kusa shi ne sauyin wurin aiki, a kwashe su daga ƙananan garuruwa a tara su a babban birni, ba kora ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takarda. Jami'in da ya shekara biyar a fili ɗaya ya san ta inda hadarin gabas ke tasowa, ya san lokacin da shamuwa ke zuwa, ya san ɓangaren shingen da ke yawan ɓallewa. Na nesa sai an koya masa.

Hazo, wuta da waya

Yanzu mu dawo gida. Filin Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum kusa da Bauchi gwamnatin Isa Yuguda ce ta gina shi, na Lawanti kuma gwamnatin Danjuma Goje. Dukansu jihohi suka gina, kamar na Dutse da Birnin Kebbi, dukansu kuma suna cika su batse lokacin jigilar alhazai, sauran shekara kuma su yi tsit in ban da 'yan jiragen Abuja da na manyan baƙi. A takarda, irin filayen da aka ƙirƙiro wannan fasaha dominsu ke nan.

Sai dai na'urar an haife ta ne a ƙasar dusar ƙanƙara, mu kuwa ƙura ce tamu. Duk wanda ya aje mota a waje dare ɗaya cikin Janairu ya ga abin da hunturu ke yi wa gilashi. Masu ƙera kyamarorin sun tanadi iska mai hurawa a bakin gilashin don kore ruwa da datti, amma ƙurar Bodele da ke tasowa daga Chadi laushinta kamar gari, tana shiga inda ba a zata ba. Ga zafin Afrilu a kan ƙarfen da ke tsaye a rana, ga tsawar farkon damina. Babu takardar shaidar Turai da za ta amsa waɗannan. Gwajin da bai ratsa hunturu da bazara da damina a nan ba, bai gwada komai ba.

A nan kuma akwai wata fata da ya kamata a rage mata tsawo. Mutane da yawa za su ɗauka kyamara mai gani cikin duhu za ta kawo ƙarshen soke jirage lokacin hazo. Ba haka ba ne. Abin da ke hana jirgi sauka cikin hazo ba ganin jami'in hasumiya ba ne, ganin matuƙi ne. Akwai tsayin da idan ya gangaro ya kai bai hango titi ko fitilunsa ba, dole ya sake hawa. Abin da ke rage wannan matsala shi ne na'urar jagorar sauka da ake kira ILS, da fitilun titi masu ƙarfi, da duba lafiyarsu a kan kari. Kyamara ko ta nawa ce ba ta maye gurbinsu.

Wuta fa? Mutanen Gombe ba su manta 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, aka kwashe makonni cikin duhu har Yola da Jalingo. A watan Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta sake shiga duhu na kwanaki. Filayen jirgi na da janareta, gaskiya ne. Amma hasumiyar gilashi idan komai ya mutu, jami'i na da idonsa da rediyon hannu mai batir. Ta nesa kuwa tana buƙatar wuta a fili, wuta a cibiya, wuta a duk tashar da wayar ta ratsa a tsakani.

Wayar ce ma babbar magana. Hoton kyamarori goma sha wani abu, ba tsayawa, ba jinkiri, sai wayar faiba. A ƙasashen da ake wannan aiki akan ja layi fiye da ɗaya, kowane ta hanyarsa daban, don idan ɗaya ya yanke ɗaya ya ɗauka. A nan kamfanonin sadarwa kullum kukansu shi ne masu aikin titi da ɓarayi na yanke musu waya, abin da ya sa a 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake karewa. Layi biyu da aka binne a rami ɗaya gefen titin Bauchi zuwa Ningi ba layi biyu ba ne, domin katafila ɗaya za ta tsinke su tare.

Sai tsaro. Bauchi ce hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojojin saman Najeriya. Duk filin da jiragen soja ke sauka, hoton abin da ke gudana a cikinsa ba abin da za a bari ya bi ta kowace waya ba ne, ko a adana shi a na'urar da makullinta ke hannun wani kamfani a ƙetare.

Wa zai yi dokar a nan?

Ba majalisar jihar Bauchi ba, ba ta Gombe ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar jiragen sama cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gyaran 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofar lantarki da jirgin ƙasa, amma sararin sama na hannun tarayya. Gwamna zai iya gina fili da kuɗin jiharsa, sai dai jami'an da ke cikin hasumiyar ma'aikatan NAMA ne, hukumar da aka kafa da dokar 1999 don kula da sararin samaniya, lasisinsu kuma daga NCAA, hukumar da ke sa ido kan harkar sufurin sama a ƙasar, yake fitowa.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ba lallai sai an kai sabon ƙuduri zauren majalisa ba kafin a yi gwaji. Dokar sufurin sama ta 2022 da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ta bai wa NCAA ikon fitar da ƙa'idojin aiki da gyara su. A Suwidin ma hukuma ce ta amince da tsarin. Inda majalisa ba ta da makawa shi ne kasafin kuɗi da bin diddigi, kuma a nan ne ake jin tsoro, domin sayen na'ura kwangila ce mai maiƙo, gyaranta kuwa ba mai rububinsa.

Ra'ayina shi ne a gwada, domin sai an gwada akan san na ƙwarai, amma da sharuɗɗan da aka rubuta tun kafin a kira ɗan kwangila. A matakin farko jami'in cikin hasumiya shi ke da iko, na nesa yana bin sa a bayan fage ana kwatanta abin da kowa ya gani. Sai an gamsu a juya, na nesa ya karɓi magana, na hasumiya na zaune a shirye ya ƙwace cikin daƙiƙu. Kada a rushe ko a kulle hasumiyar da ake da ita. Kada a haɗa wa mutum ɗaya filaye biyu a lokaci guda. NAMA da za ta yi aikin kada ta zama ita ce mai ba kanta maki, a bar wa NCAA, a kuma wallafa sakamakon, har da adadin lokutan da hoto ya yanke da tsawon kowane. Injiniyoyinmu su iya buɗe na'urar su gyara, ba sai an jira wani ya samu biza ba. Kuma a cire makonnin jigilar alhazai daga gwajin har sai tsarin ya nuna kansa a ranakun da babu cunkoso.

Me fasinja zai gani a ƙasa?

Kuɗin tikiti ba zai sauko saboda wannan ba. Abin da ke cin kuɗin kamfanonin jirage shi ne mai, da dala, da gyaran jirgi a waje. Kuɗin hasumiya ɗan kaɗan ne a lissafin.

Inda za a iya ganin canji shi ne lokutan aiki. Filaye da yawa a Najeriya daga fitowar rana zuwa faɗuwarta suke aiki, shi ya sa jirgin yamma idan ya makara a Abuja akan wayi gari an ce sai gobe. Cibiyar da ke aiki dare da rana za ta iya buɗe wa jirgi ɗaya fili da ƙarfe tara na dare, ko jirgin ɗaukar mara lafiya da tsakar dare, ba tare da an aje jami'an hasumiya na dare a kowane gari ba. Amma jami'in hasumiya ɗaya ne kawai daga cikin waɗanda dole su kasance a bakin aiki. Sai fitilun titi na ci, sai 'yan kwana-kwana na nan da motarsu da ruwa a ciki, sai an samu rahoton yanayi daga ma'aikatan NiMet, sai jami'an tsaro, sai kuma wanda zai shiga mota ya bi titin daga wannan kai zuwa wancan ya tabbatar babu abin da ya faɗi ko ya kwanta a kai. Waɗannan duk ba a yin su daga Kano, kuma albashinsu da man motarsu na nan a kan wanda ke riƙe da filin.